Hanyar Awaki a Gefen Mina

A shekarar da ƙyanda ta kwantar da 'yata, zafin Makka ya daɗe bai sake mu ba. Wajen tsakiyar shekarun sittin ne. Muna zaune a unguwar Utaibiyya, a wasu ɗakuna biyu can ƙuryar wani lungu wanda jakin mai sayar da ruwa ma sai ya karkata yake shiga. Ni tela ne, ina da ɗan shago a bakin titi inda nake ɗinkin jallabiya da wanduna. Idan lokacin aikin hajji ya zo sai in lulluɓe keken ɗinki in bi wani mai masaukin alhazai, ina yi wa mutanen ƙasarmu jagora da tafinta a Mina da Arfa.

Mu biyar ne a gidan. Akwai Inna, mahaifiyata, wadda ta taso da ƙafa daga wani ƙauye na ƙasar Kano ita da mahaifina suna sababbin aure. Suka ratsa Chadi, suka yi shekaru a Sudan suna tsinkar auduga. A can aka haife ni, a can kuma mahaifina ya rasu, ita ta ƙaraso da ni Makka ina ƙarami. Akwai matata, haifaffiyar Makka, wadda rabin Hausarta Larabci ne. Sai ɗanmu mai shekara takwas da ƙanwarsa mai biyar, ita ce mai ƙyandar.

Yarinyar ta warke, ƙurajen sun bushe sun kakkaɓe, amma ba ta dawo yadda take ba. A da ita ce rediyon gidan. Yanzu sai ta samu gindin randa ta zauna tana jan gezar tabarma, abinci kuwa loma biyu ta ture kwanon. Uwarta ma ta rame saboda jinya. Gidan ya yi wani irin shiru da ba na so.

A Makka ba a girbi, don haka babu abin da zai gaya maka kaka ta shigo sai iska. Wata asuba za ka fito masallaci ka ji dutsen da ka taka bai riƙe zafin jiya ba. Inna kuwa har ta rasu da lissafin gida take tafiya. Takan tsaya a bakin ƙofa ta shaƙi iska ta ce, “Yanzu a can an kusa yankan dawa.”

A wannan kakar aka yi ruwa, ba mai yawa ba, amma ya isa ya wanke duwatsu. Mutanen Makka suna da wata al'ada. Da zarar gari ya yi lumshi sai a dafa shinkafa da wani ɗan ƙaramin wake mai suna adas, abincin da suke kira ma'adus, a naɗe tabarmi a fita wajen gari a yini. Maƙwabcinmu, wani Balarabe direban a-kori-kura, ya loda iyalinsa da tukwanensu da safe suna ta hayaniya. Ina shirin fita shago na ga 'yata ta rarrafo bakin ƙofa tana leƙensu.

Ta ce, “Baba, ina za su?”

Na ce, “Wajen gari za su.”

Sai ta ce, “A wajen gari gidan wa ake shiga?”

Na ce ba a shiga gidan kowa, babu ma gidaje. Ta dube ni kamar na yi mata tatsuniya. A hanyar shago na yi ta juya maganar. Yarinyar nan ba ta taɓa tsayawa a wurin da babu bango a gabanta ba. Lungunmu ta sani, sai Harami, sai gidan kakanninta na wajen uwa. Wanta ma bai fi ta da komai ba, sai makaranta. Uwarsu ta yi aikin hajji, amma wanda ya je Mina a cikin taro bai ga Mina ba, ƙeyar mutane ya gani.

Da yamma muna shan shayi na ce ina so ranar wata Juma'a mu fita mu taka ƙasa, mu ɗan hau tudu. Ɗana ya yi tsalle. Matata ta ce, “In sha Allah,” da muryar da ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Inna ta ajiye kofinta. Ni ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai ta ce kai.

“Kai, wa za mu gano a can?”

“Ba kowa, Inna.”

“To me za a ɗauko?”

“Ba abin da za a ɗauko. Mu dai tafi, mu ga wuri, yara su sha iska.”

Ta yi dariya har ta share ido da bakin mayafi. Ta ce, “Ikon Allah. Mutum ya bar inuwarsa ya tafi hawan dutse, ba kora ba, ba biki ba. Ku je lafiya. Ni na gama tafiyata.”

Na ɗauka zaɓen wuri abu ne mai sauƙi, tunda duk inda ka juya a Makka dutse ne. Da na yi zancen a shago, kowa da nasa. Wani dattijo Basakkwace mai sayar da tasbaha, wanda kullum yake zama a bencina, ya ce ai babu wani dogon tunani, Jabal Nur zan kai su, dutsen da kogon Hira yake kansa, ga albarka ga kallo. Wani ya ce in nemi mota mu hau Ɗa'ifa, a can ne ake da sanyi da lambuna. Wani kuma ya ce dutsen Arfa ya fi, don har matakala gare shi. Ɗa'ifa ta yi mana nisa da yini ɗaya. Arfa kuwa na san ta, fili ne fetal, rana tana tashi babu inda yaro zai laɓe. Saura Jabal Nur.

Na hau shi sau da yawa ina saurayi, muna tsere da abokai. Amma na ce bari in sake dubawa. Wata safiya na je ni kaɗai, na fara hawa, sai na ga wani dutse dabam da wanda na sani. Duk inda na ɗaga ƙafa sai in tuna tsawon ƙafar 'yata. Wurin da nake ɗarewa da taku ɗaya, ita sai ta kama da hannu biyu ta ja ciki. Na duba hagu da dama, babu itacen da za a zauna a gindinsa. Kuma dutsen ba ya ba ka komai sai ka kai ƙololuwa. Wanda ya gaji a tsakiya ya sha wahala a banza. Ban kai rabi ba na zauna a kan wani falalen dutse ina haki. Na ga cewa ba hanyar da nake so nake nema ba. Hanyar da mafi raunin cikinmu zai bi ya dawo yana so a sake, ita nake nema. Na sauko.

Bayan 'yan kwanaki maƙwabcin nan namu direba ya ce zai kai wa masu gadi kaya a Mina, in ina so in bi shi. Na bi shi. Na san Mina shekara da shekaru, amma a cike na san ta, da tantuna har kan gangaren duwatsu, da ƙaurin hayaƙi da kukan raguna da mutanen da suka ɓata suna kiran 'yan'uwansu. Ran nan da ya sauke ni, sai na ji ƙarar takalmina. Gidajen dutsen da ke bakin hanya duk a kulle. Masallacin Khaif yana tsaye fari fat, tattabaru sun mamaye harabarsa. Inda muke kafa tanti kuwa ciyawa ce ta fito, siririya, kore shar, kamar an yayyafa ta.

Can na hango garken awaki yana gangarowa daga gefen dutse, wata Balarabiyar ƙauye tana bin su da sanda. Na lura ba su miƙe tsaye suka sauko ba, karkacewa suke yi suna bin jikin dutsen a hankali. Da suka wuce na bi sawunsu. Hanyar ta fara da rairayi, ta ratsa tsakanin wasu itatuwan ƙaya masu 'yar inuwa, sannan ta soma hawa ba tare da ka ji kana hawa ba. Ban yi nisa ba na waiwaya, sai ga rabin kwarin a ƙarƙashina. Wannan ya kwanta mini. Ko a nan aka ce an gaji, an riga an ga wani abu. Gaba kaɗan akwai wani kwarmin dutse da ya tara ruwan sama. Sama da shi akwai wani fili mai bishiyar kurna, sama da wannan kuma wata kafaɗar dutse inda ido yake kaiwa har wajen Muzdalifa. Nan na yanke za mu ci abinci.

Wuri ɗaya ne hanyar ta matse, kafin a kai kurnar. Dutse ta dama, ta hagu kuma gangare mai tsakuwa, zurfinsa bai fi tsawon mutum biyu ba. Na tsaya na auna shi. Yarinyar zan saɓa ta a kafaɗa, yaron zan riƙe hannunsa. Matata kuwa ita ce mai ƙarfin gidan, mai ɗaukar tulu ta hau bene ba ta tsaya ba, ban ga abin damuwa a nan ba.

Ranar Juma'ar muka tashi da asuba. Matata ta dafa ma'adus ta ɗaure tukunyar a cikin tsumma, na cika salka da ruwa, muka haɗa buta da ganyen shayi da dabino. Ina naɗe tabarma sai na ga Inna ta fito ta ci ɗamara, tana murɗa tsohon zane tana yin gammo.

Na ce, “Inna, ai na ɗauka kin gama tafiyarki.”

Ba ta dube ni ba. Ta ce, “Za ku ɗauki yarinyar da jiya-jiya ta tashi daga ciwo ku kai ta daji, ku da ba ku san ƙaya daga ciyawa ba. Ɗora mini tukunyar.”

Na ce ni zan ɗauka. Ta ce idan kanta babu kaya ba ta iya tafiya daidai, sai ta riƙa jin kamar ta mance wani abu. Na ɗora mata.

Maƙwabcinmu ya sauke mu kusa da masallacin, muka yi da shi zai dawo bayan la'asar. Motar na ɓacewa, matata ta ja mayafinta ta matso kusa da ni.

Ta ce, “Baban yara, nan ce Mina? Ina mutane?”

Na ce, “Sun koma garuruwansu.”

Ta yi ta dube-dube tana neman inda tantinsu yake shekarar da ta yi hajji, ta kasa gane ko ta wace fuska ce. Ɗana ya riga ya ruga gaba yana ihu, yana jin daɗin yadda dutse yake maido masa da muryarsa. 'Yata kuwa ta damƙe yatsana. Takan yi taku kaɗan ta tsaya ta ɗaga kai ta dubi sama, ta sake sunkuyar da kai da sauri.

Muna cikin rairayin nan Inna ta tsaya cak, ta ɗaga ƙafa ɗaya tana duba bakin zanenta.

Ta ce, “La ila! Ƙarangiya! Ke har nan kika biyo ni?”

Ta ciro ta, ta ɗora a tafin hannu tana kallo kamar ta ga ɗan garinsu. Daga nan tafiyar ta zama tata. Shekarunta a Makka sun fi ashirin, ta zo Mina ba sau ɗaya ba, amma kullum a lokacin da ƙafafu suka tattake komai. Ta nuna wani ganye ta ce filasko ne, wanda ake sha don wankin ciki. Ta nuna tumfafiya, ta tsinko busasshen ƙwallonta ta fasa, ta hura audugar ta bi iska. Yaran suka bi ta a guje. Ta kwaɓe su kada su taɓa farin ruwan da ke fita daga ganyen, in ya shiga ido akwai matsala. Su jikokin nata Larabci ya fi zama a bakinsu, Sitti suke ce mata, in ka yi musu Hausa da Larabci suke amsawa. Ran nan sai ga ɗana yana tsinko ganye yana kawo mata.

“Sitti, wannan fa? Ish sunansa?”

“Kawo in gani, maigidana. Wannan ban san shi ba, na Larabawa ne. Je ka tambayi uwarka.”

Uwar ta ce ita ganyen da ta sani na kasuwa ne kawai.

A kwarmin ruwan muka fara hutawa. Ruwan ya ja baya kaɗan daga yadda na bar shi, amma akwai wasu 'yan baƙaƙen 'ya'yan kwaɗi suna ta kaɗa wutsiya. 'Yata ta saki yatsana da kanta, ta durƙusa. Ta tsoma hannu suka watse, ta janye suka dawo. Ta sake tsomawa. A karo na uku ta ƙyalƙyale da dariya. Ni da uwarta muka haɗa ido. Da ƙyar muka ɗago ta daga wurin.

Da muka iso inda hanyar ta matse, na saɓa yarinyar, na kama hannun yaron, muka wuce. Inna ta biyo mu da tukunya a ka, ko dafa dutsen ba ta yi ba. Na juya in ce wa matata ta taho, sai na gan ta a tsugune a bakin wurin, ta manna kafaɗa da dutse, ta rufe ido.

Na ce, “Lafiya?”

Ta ce, “Ƙasa tana juyawa. Wallahi juyawa take.”

Na koma na miƙa mata hannu. Na ce ta duba, ba wani zurfi ba ne, ko akuya mai ciki tana bi. Ta buɗe ido ta duba, ta sake rufewa, gumi ya keto mata. Ita kanta ba ta san tana da wannan tsoron ba. A bene akwai bango ta kowane gefe. Ta ce mu je, za ta jira mu a nan. Ɗana ya fara ƙorafi, yarinyar kuma da ta ga uwarta a haka sai ta taɓe baki za ta yi kuka. Na tsaya ban san abin yi ba. Ina shirin cewa mu koma bakin ruwan mu ci abincin a can, sai Inna ta sauke tukunyar ta ajiye, ta ce in kauce.

Ta dawo ta tsaya a gaban surukarta, ta juya mata baya.

“Tashi, 'yar nan. Kama ɗamarata. Dunduniyata za ki kalla, ba ruwanki da wani abu.”

Matata ta miƙe ta kama. Inna ta yi taku ɗaya, ta tsaya. Sai ta ce, kamar suna zaune a tsakar gida, “Ni fa tun da aka ɗora mini tukunyar nan nake jin ƙanshin abincin da babu gishiri.”

Matata ta ce, “Na sa, Inna.”

“Anya? Ni dai ban gani ba.”

“Wallahi na sa. A gabanki na sa, kina alwala.”

“To albasar fa? Na ga kamar kin ƙona ta.”

“Haba Inna, ai haka ake yin ma'adus! Sai albasa ta yi duhu. In ba ta yi duhu ba shinkafar fara za ta fito, kamar ta marar lafiya.”

“Mu a garinmu wannan ƙonewa muke ce masa.”

“Ai a garinku ba a yin ma'adus!”

Tana rufe baki ta gan ni a gefenta, ga kurna a gabanta. Ta waiwaya ta dubi inda ta baro, ta dubi Inna, ta rufe baki da mayafi don kunyar yadda ta ɗaga mata murya. Inna ta sunkuya ta ɗauki gammonta ta ce, “A zuba mu ji, in akwai gishirin.”

Ban ƙara tayar da zancen kafaɗar dutsen da na zaɓa ba. Muka shimfiɗa tabarma a gindin kurnar. Na tattaro ƙirare na hura wuta na ɗora buta. Daga nan kwarin Mina duka yana gabanmu, dogo, shiru, duwatsu sun riƙe shi ta gefe biyu, inuwar gajimare tana tafiya a kansa a hankali. Jikin duwatsun da na saba gani baƙi ƙirin ya yi wani kore-kore a cikin tsagoginsa. Matata ta daɗe tana kallo. Ta ce ita da a tunaninta Mina ta fi Makka girma.

Aka buɗe tukunya. Akwai gishiri. 'Yata ta ci, ta miƙo kwano aka ƙara mata, ta tashi tana tsintar 'ya'yan kurna da suka zubo tana kai wa kakarta ta zaɓar mata nunannu.

Ɗana ne kawai ransa bai so ba. Ya ce an yi masa alkawarin sama, wannan kuwa ba sama ba ce. Bayan mun yi alwala da ruwan salka mun yi azahar, na ce ya taso mu je mu biyu. Hawan bai da tsawo, amma ya fi na baya tsauri, har na ji shi ya daina surutu. Da muka kai, iska ta buge mu. Na nuna masa wajen Muzdalifa, da hanyar da take wucewa Arfa, da manyan duwatsun gabas inda Ɗa'ifa take. Shi kuwa so yake ya san ko za a iya hango makarantarsu. Na ce wannan dutsen ya tare ta. Ya ɗebi tsakuwa yana jifa yana sauraron inda za ta faɗa.

Ni kuma na dubi ƙasa. Ga su can a gindin kurna, ƙanana. Matata ta kishingiɗa, yarinyar ta ɗora kai a cinyarta. Inna ta matsa bakin inuwar ta miƙe ƙafafu, hannayenta a kan gwiwa, tana fuskantar kwarin. Na yi ta tunani ko na taɓa ganin hannun matar nan babu komai a ciki. In ba muciya ba, tsintsiya. In ba tsintsiya ba, tasbaha ko farantin gyaɗar da take ƙullawa. Ban tuna ba.

Da muka sauko na zauna kusa da ita, na zuba mata shayi. Ta karɓa ba ta sha ba.

Ta ce, “Kai, ka san a hanyarmu ta zuwa mun wuce wani babban dutse a ƙasar Darfur? Mutanen ayarinmu suka yi ta cewa a duba kyau, wai har ruwa yana zubowa daga kansa. Ni ban ɗaga kai ba. Da kaya a kaina, ga ƙaya ta karye a ƙafata ta yi ruwa. In ka tambaye ni kamannin ƙasashen nan, ban sani ba. Rijiyoyinsu na sani, da wadda take da ɗaci da wadda igiyarta take da tsawo.”

Na ce, “Da kin gani da kin tuna.”

Ta ce, “Wa yake da lokacin gani? Mahaifinka ne mai tsayawa kallo. In ya tsaya sai in yi ta yi masa faɗa ayari zai bar mu.” Ta kurɓi shayin. “Da yana nan, da sai mun kai magariba a wurin nan.”

Ba ta cika zancensa ba, ni kuma kamanninsa ma ba na tunawa. Na so ta ƙara, amma ta juya tana yi wa jikarta magana kada ta haɗiye ƙwallon kurna.

Tun muna sama na ga hadari yana taruwa a kan duwatsun gabas. Duk wanda ya zauna a Makka ya san ba sai an yi ruwa a kanka ambaliya take samunka ba. A can nesa za a yi, ta biyo kwari ta iske ka rana tana haske. Ban jira la'asar ba, na ce mu haɗa kaya. Da muka iso matsattsen wurin, Inna ta juya wa matata baya don ta kama ɗamararta. Matata ta ce, “Bari in gwada, Inna.” Ta dafa dutsen da hannun hagu, ta kafa ido a kan sawun awaki, tana salati a hankali, ta wuce. Ba ta yi murna ba, ta dai zauna a kan wani dutse har numfashinta ya dawo, sannan ta karɓi tabarmar daga hannuna ta ce ita za ta ɗauka.

Muka jira motar a jikin bangon masallaci. Yarinyar ta yi barci a bayan kakarta. Muna shiga Makka yayyafi ya fara, yara a lunguna suna tsalle suna waƙar ruwa.

Ba zan ce fitar nan ce ta warkar da 'yata ba, Allah ne mai warkarwa, kuma dama sauƙin yana tafe. Amma daga wannan makon bakinta ya buɗe, har muka koma roƙonta ta yi shiru. Mun sake komawa wurin a kakar wasu shekarun da suka biyo baya, duk shekarar da aka samu ruwa. Inna ta bi mu sau biyu kafin ƙafa ta hana ta.

Washegarin wannan fita ta farko, kowa a gidan ɗingishi yake, ban da Inna da ta riga mu tashi tana shara. Matata da ƙyar ta iya tsugunawa ta kunna risho. Kafin in fita shago matan lungu suka fara shigowa, don labari ya zaga cewa mun je Mina ba lokacin hajji ba. Ina ɗaya ɗakin ina neman almakashina, na ji matata tana ba su labari da Larabci. Da ta zo kan matsattsen wurin nan, ta ce faɗinsa bai fi tafin hannu ba, ramin da ke gefensa kuwa ya kai tsawon hasumiyar masallaci. Matan suka yi salati. Ɗaya ta tambayi Inna ko haka ne.

Inna ta ci gaba da shararta, ta ce, “Ai ta ma rage.”

Na samu almakashin a ƙarƙashin matashi, na yi musu sallama daga bayan labule, na tafi shago.